Zabirar Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ya yara?

Ni lafiyata ƙalau, kada ku damu. Shagon askin nan ya zama kamfani mai rajista. Lauya ya ce amfanin hakan shi ne kayan kamfani daban, kayan mutum daban. Da yake takardun zamana ba su fito ba, sai aka yi rajistar da sunan abokin aikina, Dogo.

Ranar da ake rubuta kayan kamfanin, kujeru biyu da madubi da injinan aski, na ga sun yi kaɗan, kunya ta kama ni. Sai na ce a ƙara da zabirar wanzancin Baba da asaken cikinta.

Satin da ya wuce muka yi sa'insa da Dogo, ya canja kwadon shagon. Na je karɓar zabirar kawai, ya nuna mini takarda ya ce, "Malam, wannan kayan kamfani ne."

Tana nan rataye gefen madubi, ina hango ta ta taga in na wuce.

Idan Inna ta tambayi zabirar, ka ce mata kullum ina ganinta. Ku sa ni a addu'a.

Ƙaninka