Umma Ta Ce Sai Ta Maƙogwaron Akuya

Ta'izz, cikin watan Rajab.

Zuwa ga ƙanwata Taƙiyya a Jibuti,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mijinki Hizam da yara. Allah ya ƙara wa shagonku albarka, ya sassauta muku zafin garin nan da kike yawan kuka da shi. Mu nan lafiya lau. Maigidana yana nan da tarinsa da rediyonsa. Yayanmu Shayif ya aurar da babbar 'yarsa, matarsa ta yi kukan da ya fi na amaryar. Kasuwa sai godiya, sai dai tun da aka fasa hanyar mota zuwa saman Dutsen Sabir kowace malalaciya ta zama 'yar kasuwa. Kafin in shimfiɗa buhuna a kasuwar Bab Musa, rumman da ganyen ƙat da ake taunawa sun riga sun cika wuri.

Kwanan nan na kasa zama wuri ɗaya. Ina tsakiyar ciniki sai idona ya bar mai saye ya hau dutsen. Shekaranjiya har na sallama wa wata matar soja ɓaure a tayin farko, ni Ganiyya! Kin tuna saukowarmu da sassafe, kwando a ka, kurkum a fuska, ɗoɗɗoya a bayan kunne, takalma a saman kaya? Sai a ƙofar gari muke sa su, don 'yan birni su ɗauka da su muka taho. Komawar ce aiki. Rana a ƙeya, cinya tana rawa, Umma a gaba ba ta waiwaye, tana cewa duk wadda ta gaji ta gangara filin Tihama na bakin teku ta auri mai raƙumi. Daga nan sai Maƙogwaron Akuya, tsagar nan da mutum ke bi a kaikaice da hannu da gwiwa. Ke da ba ki da nauyi kike fara haurawa ki karɓi kwanduna, ni in turo daga ƙasa. In mun fito sama mu zube a kan falalen dutse, gari duka a ƙarƙashinmu, mu raba cukun da na ce wa Umma bai sayu ba.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Idon Umma ya yi yana. Na hagu ya rufe, na dama inuwa kawai yake gani. Na kai wani likita har ƙauyenmu a saman dutsen, bayan na ciyar da shi inabi mafi kyau a kasuwa. Ya ce aiki ne mai sauƙi amma sai a asibiti, kuma kada a ja lokaci. Sai Umma ta ce ba ta shiga mota. Sau ɗaya ta shiga, ranar bikin 'yar Shayif, kwane-kwanen hanya suka juya mata ciki a gaban surukai, ga direban, Mahyub, yana tuƙi da hannu ɗaya, kumatu cike da ƙat. Ta ce ta haifi shida ba ta ji kunya irin ta ranar ba.

Kin san ni da ciniki. Na taya jaki, ta ce jaki ba ya wuce Maƙogwaro. Shayif ya ce maza su ɗauko ta a kujera, ta ce masa, "Kai mai ƙafar taya, gawa ake ɗauka, ka jira." Ta ce ita ba da ido ta san hanyar ba, da tafin ƙafa ta san ta. Muka yi ta ja har shayi ya huce, ƙarshe muka tsaya a tsakiya: za ta sauko da ƙafa ta tsohuwar hanya, ta koma a mota, tunda lokacin idon a ɗaure yake, ba za ta ga kwana ba. Ina murna na ci kasuwa sai ta ɗora nata sharaɗin. Ta ce a Maƙogwaro dole wata ta shiga gaba ta riƙa kama mata diddige tana ɗorawa a mataki, kuma hannu ɗaya ta yarda da shi, na Taƙiyya. Na ce ni fa? Ta ce ni in na kama ƙafar mutum sai na tambayi nawa ne.

Ran Juma'a na rufe rumfa na bi hanyar ni kaɗai, in gani ko abin zai yiwu ba ke. Ciyawa ta cinye rabinta, ba kowa sai ƙadangaru. Da na isa Maƙogwaro na tarar ruwan bara ya tafi da matakin tsakiya. Na cusa kai, kafaɗa ta wuce, sauran ya ce bai san zancen ba. Ina nan maƙale, ba gaba ba baya, sai ga tsohuwa Mulk mai awaki a sama. Ba ta miƙo hannu ba sai da ta ƙoshi da dariya. Wai, "Ganiyya, kin sayar da ƙafafu kin sayi mazaunai!" Ta finciko ni, wandona mai aikin zare ya bar rabinsa a can. Amma na gane abu guda: nauyin nan nawa ya yi rana. Ni zan zauna a sama in riƙe ɗamarar Umma, ko sa ne ba zai ja ni ba. Ƙasa kuwa sai siririya mai sanyin hannu.

Na san Hizam zai ce shago ba ya yi sai da ke. Ki ce masa na gaishe shi, kuma ya koyi auna sukari da kansa, ba a mutuwa. Ruwan bazara ya kusa. In ya sauka dutsen zai yi santsi, sai kuma bayan damina, idon dama kuwa ba zai jira ba.

Saura abu ɗaya, ki zauna kafin ki karanta. Na sayar da kayan da ba su iso ba. Na gaya wa Umma kina tafe cikin Sha'aban. Zage ni in kin iso, ina da kunnen ji. Tun ranar kullum da safe take cire takalmi tana zagaya gonar bayan gida, hannu a kan katanga, wai tana tashin ƙafafunta daga barci. Jiya ta sa matar Shayif ta wanke mata baƙar rigar kasuwa, ta kuma hana a tsinki ɗoɗɗoyar bakin taga, ta ce ta kunnen Taƙiyya ce.

Ki gaishe da Hizam, da Nuriyya da ƙaramin Abdulwali da ban taɓa gani ba. Shayif da iyalinsa suna gaisuwa, Mulk ma ta ce a tambaye ki ko ke ma kin yi irin cinikina. Kada ki wahalar da kanki da tsaraba. Ki dai fara yawo ba takalmi a tsakar gida tun yau.

Taki yayarki,
Ganiyya