Ɗan Akwatin da Ka Bari a Kan Amfilifaya

Assalamu alaikum, Yaya Habibu. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga yayansa, ina fatan kana cikin ni'imar Ubangiji a makwancinka.

Na rubuto ne in ba ka labarin ɗan baƙin akwatin nan naka da kake kira dak, mai karɓar abin da ke cikin waya ko kwamfuta ya mayar da shi sautin da sifika za ta fitar. Ka san tun ranar da ka kawo shi daga Kaduna nake yi maka tsiya. Na ce amfilifayar falo, mai ƙara wa sauti ƙarfi, tana da irinsa a cikinta, me za a yi da na waje? Ka ce, "Na cikin ma yana aiki, Isa, sai dai a matse yake tsakanin kayan wuta. Wannan kuwa ɗakinsa daban." Ka kunna mini karatu sau biyu, ta na ciki da ta na waje. Ban ji wani bambanci ba, kuma ban ɓoye maka ba. Ka yi dariya, ka ce kunnen mai awon hatsi ne da ni, hayaniyar kasuwa ta cinye shi.

Tun da ka rasu idon Inna yake ƙara rauni. Kullum bayan la'asar nakan kunna mata saƙonnin muryar da ka riƙa aiko mata lokacin da kake aiki a Rijau. Guda goma sha ɗaya ne. Ta haddace su, har inda kake tari.

Makon jiya aka kawo wuta da ƙarfi, akwatin ya ƙi tashi. Na zare shi, na haɗa waya da amfilifaya kai tsaye, ban gaya mata ba. Ni dai kai nake ji. Ita kuwa ko minti ɗaya ba a yi ba ta ce in kashe. Ta ce, "Wannan ba yayanka ba ne, muryar ba nauyi." Ka san har yau ba ta kama sunanka.

Kwana huɗu ba ta bari an sake kunnawa ba. Abinci ma sai an lallaɓa ta.

Na kai shi wurin mai gyara a bakin kasuwa. Ashe wani ɗan ƙanƙanen abu ne ya ƙone a ciki, ya canza shi. Jiya na mayar da akwatin inda ka saba ajiye shi, na kunna, ban ce mata komai ba. Da ka ce, "Inna, ina wuni? Ya ƙafar?" sai ta gyara zama a kan tabarma, ta juyo wajen sifika.

Ta ce, "Da sauƙi, ɗan nan. Ka daɗe."

Bayan nan ta ce a ɗumamo mata tuwo.

Yaya, Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba Inna tsawon rai da lafiyar kunne. Ya sada mu a Aljanna.

Ƙaninka,
Isa
Kontagora