Kalmar da Na Ƙara wa Nang Soling

Manang Perlita,

Don Allah ki taimake ni kafin Litinin, raina a ɓace yake kuma aikina yana lilo. Shekara tara ke nan ina gyaran rubutu a wata ƙaramar jaridar Turanci a nan Iloilo. Akwai wata kalma da ke bi ta hannuna kullum, "alleged", wato wanda ake zargi. Ɗan majalisa ya handame kuɗin hanya, ana zarginsa. Ɗan kwangila ya gina gada ta rufta, ana zarginsa. Ɗan mai gonar rake ya take mutum da mota a kan idon jama'a, shi ma zarginsa ake, har sau uku a labari ɗaya. Amma da an kama mai babur ɗin haya, sunansa ɓarawo, an gama.

Ran Talata aka miƙo min shafi na biyar, sai ga sunan Nang Soling, maƙwabciyata mai sayar da busasshen kifi, uwar baftismar 'yata. Wai ta sace wayar wata a kasuwa. Kanun labarin ya kira ta ɓarauniya kai tsaye, alhali ko ƙofar kotu ba a kai ta ba. A wurinmu, da edita ya sa hannu a shafi da jan biro, mai gyara ba ya taɓa komai sai waƙafi da kuskuren harafi. Na san haka sarai, na ƙara kalmar.

Washegari editanmu, Mista Villaruel, ya tsayar da ni a gaban kowa, wai tun yaushe na zama lauya, wai masu kifi ba sa kai ƙarar jarida, in daina ci masa filin shafi. Na ce au, ashe kalmar ta masu lauya ce. Ya ce in kawo takardar ban haƙuri ran Litinin ko in kwashe komatsaina. Mijina na ta cewa in rubuta kawai, da me za mu ci shinkafa. Ni kuwa na kwaso jaridunmu na wata shida, na zagaye kalmar duk inda ta fito, a siyasa, a wasanni, har a labarin 'yan fim, ban ga ɗan kasuwar bakin titi ko ɗaya da aka ba shi ita ba. Haƙurin me zan ba shi? Ba zan rubuta ba.

Mai Gyara, daga unguwar Jaro

*

Ƙanwata,

A kan kalmar, gaskiya taki ce, kada ki janye ko taƙi ɗaya. Wanda alƙali bai yanke wa hukunci ba, ana zarginsa ne, ko kifi yake sayarwa ko gada yake ginawa.

Amma shi ma Mista Villaruel ba a banza ya fusata ba. Sunansa ne a kan shafin, kuma idan kowane mai gyara zai riƙa canja labari a ɓoye don ya san mai labarin, gobe wani zai goge sunan surukinsa. Da kin ɗauki shafin kin kai masa. Ki kuma tambayi kanki talakawa nawa aka kira ɓarayi a gabanki cikin shekara tara kika wuce, don ba ki san gidajensu ba.

Saboda haka ki rubuta takardar, layi biyu. Na farko, kin yi kuskure da kika taɓa shafi bayan sa hannu. Na biyu, ba ki yi nadamar kalmar ba, kuma kina so a sa ta ga kowa daga yau. Ki haɗa masa da jaridun da kika zagaye, ki kai masa shi kaɗai a ofis, don babba ba ya saukowa a gaban yaransa. Ki gaya wa mijinki tun yau cewa abin yana iya ƙarewa da kora, kada ya ji a bakin wani.

Idan kin tsira da aikinki, mai babur na gaba da za a kawo miki, ki tashi ki yi masa faɗan nan ko da ba ki taɓa ganinsa ba. Allah ya ba ki sa'a ran Litinin, ya kuma wanke maƙwabciyarki.

Manang Perlita