Tazarar Katifa Biyu

Asabar, 9 ga Maris, 2013

Na je kallon gasar hawan bango a sabon gidan motsa jiki na Maitama. Babu igiya. Bangon gajere, bai kai bene ɗaya da rabi ba, an shimfiɗa katifu a ƙasa, kiɗa kamar gidan biki. Ba hawa suke ba, tsalle suke daga wannan mariƙi zuwa wancan, mutane suna ihu da wayoyi a sama. Shekara shida ina hawa ƙarfen sabis na waya kafin in dawo ɗaura mariƙai a bangon Oga Edward a Jabi, ban taɓa barin ƙasa ba igiya a ƙuguna ba. Amma wurin ya cika maƙil. Mu a gasarmu ta bara mutum nawa suka zo? Har da masu shara ba mu kai arba'in ba.

Talata, 19 ga Maris

Lucy ta hau doguwar hanyar nan ta kusurwar bangonmu sau uku ba hutu. Shekara uku ke nan ina koya mata, tun tana goge-goge a wurin. Daga Karshi take tasowa, mota biyu, kuma tana riga ni isowa ni da ke Nyanya. Ba ta gaggawa. Takan tsaya ta karanta bango kamar mai duba gona. Na ba ta labarin Maitama, ta yi dariya: "Malam, wannan wasan biri ne, ba hawa ba."

Litinin, 8 ga Afrilu

Gidan motsa jiki na Wuse sun bi sahun Maitama. Gwarinpa ma sun cire igiyoyinsu. Yau Oga Edward ya kira ni ofis, ya ce gasar watan gobe ba igiya, kuma a wasan ƙarshe yana son tsalle wanda ya fi na Maitama. Na ce Oga, katifunmu na tsohon tsari ne, guntu-guntu, ba shimfiɗa ɗaya ba. Ya ce, "Badaru, ka haɗa su mana. Ko in kira yaran Wuse su ɗaura min?"

Na ce zan ɗaura. Bangona ne. Kowane rami a jikinsa na san shi.

Alhamis, 2 ga Mayu

Na ɗaura. Mariƙi ja babba a sama ta dama, sai ka saki hannu biyu da ƙafa biyu kafin ka kai shi. Na gwada sau biyar, na kama sau ɗaya. Duk faɗuwar da na yi, kusa da mahaɗar katifu biyu nake sauka. Na tura su da ƙafa suka haɗe, na liƙa tef a kai. Ya yi kyau a ido.

Na yi tunanin in matso da jan da taki ɗaya zuwa hagu. To amma sai tsallen ya zama ba komai.

Juma'a, 3 ga Mayu

Bayan masallaci na sake duba tef ɗin. Yana nan.

Asabar, 4 ga Mayu

Ban san ta inda zan fara ba.

Mutum ya fi ɗari biyu. Mata huɗu a wasan ƙarshe, uku sun taɓa jan sun zame, sun tashi suna dariya. Kowace faɗuwa katifun suna ɗan motsawa, na gani, ina tsaye a wurin. Lucy ce ta ƙarshe. Ta daɗe tana kallon bangon, har aka fara yi mata tafi don ta yi sauri. Ta waiwayo ta dube ni. Na gyaɗa mata kai.

Ta kama da hannu ɗaya. Jikinta ya juya, hannun ya saki, ƙafar hagu ta shige tsakanin katifun har siminti. Na ji ƙarar duk da kiɗan. Ba ta yi ihu ba. Cewa kawai take, "Malam, kar ka duba, kar ka duba."

Na duba.

Litinin, 6 ga Mayu

Asibiti. Ƙashi biyu sun karye, da idon sawun gaba ɗaya. Za su sa ƙarfe. Likita ya ce za ta yi tafiya. Na tambaye shi hawa fa, ya dube ni kawai ya ci gaba da rubutu.

Mahaifinta ya zo, Baba Zacharias, da takalmin gona a ƙafarsa. Ya riƙe hannuna da hannu biyu. "Kai ne Malam? Yarinya na ya ce kai ne uban shi a Abuja. Allah ya saka." Na ce amin, Baba.

Babu wanda ya yi maganar katifa. Da safe Oga Edward ya sa an kwashe su, an kawo sababbi, shimfiɗa ɗaya. Ashe ana samunsu cikin kwana biyu.

Laraba, 15 ga Mayu

Bidiyon faɗuwar Lucy yana yawo a wayoyi. A motar Nyanya wani na kusa da ni yana nuna wa abokinsa, suna mayar da shi baya daidai wurin. Sababbin masu rajista sun yi yawa har an ƙara aji na yamma. Duk wanda ya shigo sai ya tambaya ina jan mariƙin yake. Oga ya ce kada in cire.

Wani Abraham, manajan gidan Gwarinpa, ya kira. Suna son in ɗaura musu wasan ƙarshe na watan Yuni. Wai yanzu sunana ake kira a garin nan.

Lahadi, 2 ga Yuni

Na je Karshi. Tana zaune a ƙarƙashin mangwaro, ƙafa a kan turmi, tana ɓarar gyaɗar shuka. Ta rame. Hannayen ne kawai ba su canja ba.

Tun a mota na shirya maganar. Na ce, Lucy, katifun nan... Ta katse ni. "Na gan shi, Malam. Tun ina ƙasa na ga tef ya buɗe." Na ce to me ya sa kika yi tsallen? Ta ci gaba da ɓara. Can ta ce, "Kai ka ce in je."

Mamanta ta kawo min kunu. Na sha duka, don ban san abin da zan yi da hannuna ba. Da zan tafi Baba ya cika min leda da doya.

Asabar, 8 ga Yuni

Doyar tana bayan ƙofa. Na kasa cewa a dafa.

Alhamis, 20 ga Yuni

Gwarinpa. Katifunsu masu kyau ne, na bi kowace kusurwa da hannu sau biyu, har Abraham ya fara duba agogo. Sun ce tsalle biyu suke so a jere. Na ɗaura musu, daga kan tsani.

Da aka gama Abraham ya ce, "Oga Badaru, hau ka nuna mana mana." Na shafa alli a hannu, na kama na farko, na biyu, na uku. Ƙasa ba ta fi tsayina nisa ba. Sai ƙafar hagu ta fara rawa, ta ƙi tsayawa. Na sauko a hankali, mariƙi bayan mariƙi, na ce gwiwa ce ke damuna tun shigowar damina. Ya ce ba komai, tunda ni na ɗaura ai ba sai an gwada ba. Na sa hannu a takardarsu.

Gwiwa ce. Gobe zan nemi man zafi.

Jibi mata shida za su hau.