Wankan Gawar Baba Idi

Kawu, gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafar Inna? Mu nan unguwar Ajame lafiya lau, goro yana tafiya.

Kawu, wa ya ce littafi ya tsufa? Garba ɗan garinmu, wanda ya zama akawun Bature, kullum sai ya ce mini a zamanin jirgin ƙasa da lantarki karatun addini na ƙauye ne. To, ranar Talata Baba Idi mai goro ya rasu a unguwar Tireshibil, malaminmu kuma ya yi tafiya zuwa garin Buwake. Ka san zafin bakin teku, gawa ba ta jira. Samari cike da tsakar gida, ba wanda ya san ta inda ake fara wanka.

Sai ga Garba da gudu, yana haƙi: "Don Allah taho da littafin nan naka."

Na ce, "Kira jirgin ƙasa ya wanke shi mana!"

Amma na tafi. Littafin fiƙihun nan da na koyi karantawa ni kaɗai, shi na buɗe. Na fara da gefen dama, wanka sau uku, na ƙarshe da kafur, Garba na zuba ruwa yana kuka. Kafin la'asar mun rufe shi. Raina ya yi sanyi.

A sa mu a addu'a, a gaida su Inna. Kuma a karanta takardar nan a ƙofar masallaci ranar Juma'a, Liman ya amsa gaban jama'a: don me ake turo mana samari ba a koya musu wankan gawa ba?

Ɗanka, Sani.