Baba Emenike Zai Shiga Dilimi

Gangare, Jos

Zuwa ga Malam Datti, shugaban ƙungiyar guragu masu haɗa keke, Dilimi.

Assalamu alaikum Baba. Ina gaishe ka da jama'arka, da fatan ana fama da sanyin nan lafiya.

Ka nemi ƙungiyarmu mai sama wa dattawa aiki ta samo muku mai walda da zai koya wa matasanku. Na samo, kuma ba na ko shakka a kansa. Sunansa Baba Emenike, Ibo ne haifaffen Bukuru. Ogansa ya sallame shi wai ya tsufa, alhali idonsa garau, hannunsa ba ya rawa. 'Yarsa Ugomma ta rantse in watan nan ya ƙare yana zaune, za ta kwashe shi zuwa ƙauyensu a kudu, inda ko hanyar kasuwa bai sani ba. A gabana dattijon nan ya yi hawaye, wallahi abin ya taɓa ni.

Matsalar ɗaya ce. Tun da aka ƙona masa shago a Dilimi lokacin rikici bai sake taka unguwar ba, ya ce ƙafarsa ba za ta iya ba. Ko za ku riƙa kai masa aikin gidansa a Apata?

Allah ya ƙara girma.
'Yarka, Jannatu Abdurrahim

*

Dilimi

Wa alaikumus salam 'yata Jannatu. Saƙonki ya iso, Allah ya yi albarka.

Ni kika samu da zancen ƙafa? Na yi dariya har da tari. Kai aiki Apata kam ba zai yiwu ba, janareto da ƙarafa ba goro ba ne da za a sa a aljihu.

Na karanta wa jama'a takardarki. Gaskiyar magana, mu ma tun rikicin babu wanda ya leƙa Apata a cikinmu. Mai ƙafa in ta ɓaci yana gudu, mu fa? Adama, ma'ajiyarmu, ita ta kunyata mu. Ta ce muna so tsoho ya yi shi kaɗai abin da mu duka muka kasa.

To mun yanke shawara. Ranar Litinin da safe za mu hau kekunanmu mu je har ƙofar gidansa mu ɗauko shi. Ki ce ya shirya, ki kuma gaya wa maƙwabtansa kada su ga ayari su firgita. In ya ga mun shiga tasu, zai shiga tamu. Wannan na tabbata.

Ki gai da mutan gida.
Datti

*

Apata

Jannatu yarinyana, sannu da aiki. Ina gaisuwa sosai.

Sun zo. Layinmu ya cika da keke, mata suna leƙe ta taga. Oga Datti yana gaba, gumi ya jiƙa shi, hawan nan namu ba wasa ba ne. Ugomma ya kawo musu ruwa, sun sha.

Na shiga tsakiyansu muka tafi. Da mun kai wurin da shagona yake da, sai na tsaya. Duka sun ja birki, sun jira ni har na ɗaga ƙafa.

Yara shida ne a hannuna yanzu, biyu suna da kai. Yau ni kaɗai na je.

Na gaya wa Ugomma in ya je ƙauye ya gaishe su. Ni ina da aiki gobe.

Allah ya biya ka.
Babanka, Emenike