Garin da Na Ƙirƙiro wa Malam Habu

Daren Laraba, Challawa

Na gaji tilis. Yau manhajar da na rubuta ta ɗaukar sunan masu shigowa aiki ta ce sam babu Malam Habu a masana'antarmu. Mutumin da yake jimar fata a nan tun ina firamare! Har manaja ya ce a rubuta masa fashin aiki.

Ya same ni a ofis, ransa a ɓace. "Injiniya, ga ni tsaye a gabanka, amma na'urarka ta ce ban zo ba."

Ashe sunansa ne, Habu D/Kudu, wato Dawakin Kudu. Sunan yana tafiya ne a cikin adireshin da na'urar bakin ƙofa ke aika wa babbar kwamfuta. Ita kuwa da ta ga karan nan (/) na tsakiyar sunan, sai ta ɗauka hanya ce ta rabu, ta tafi neman wani Habu D.

Na sa a riƙa mayar da karan zuwa %2F, lambar da ke wakiltarsa a harshen kwamfuta, kafin a aika, amma na manta ban sa a dawo da shi kara ba idan ya isa. Allo ya nuno Habu D%2FKudu.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Alhamdulillahi, an gan ni. Amma wannan garin namu a wace ƙaramar hukuma yake?"